Riga Mai Lamba Tara

Samaru, Zariya
9 ga Fabrairu, 2003

Uwargijiyata Keziya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da majinyatanki da sanyin Gembu. Mu nan lafiya lau. Matata Winifred tana gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ni ma ina nan, sai dai gwiwa da take yi mini tsegumi duk lokacin da na hau matakalar laburare.

Tun da mahaifinki ya zo duniya namiji, ƙanwarsa uwata ta zo mace, aka yanke mini hukuncin zama bawanki, ban kuwa ɗaukaka ƙara ba. To, ga bawa da rahoto. Ɗanki Toma yana nan ƙalau, yana cin tuwo kamar gobe za a hana. Malaman jami'a har yanzu suna yajin aiki, saboda haka jarrabawarsa ta ƙarshe tana nan a rataye. Littattafansa na aikin gona sun samu hutu, ƙwallo ce ba ta samu ba. Kullum da la'asar sai ya hau bas zuwa Sabon Gari wajen atisaye.

Kin san ni ne sakataren kulob ɗin ƙwallonsu, Zakarun Chikaji, muƙamin da na samu saboda ranar zaɓe ni kaɗai na zo da biro. Lokacin da kamfanin barguna yake da rai, shi ne uwa shi ne uba: mota, takalma, har lemo a hutun rabin lokaci. Da ya rufe, sai ya bar mana suna mai daɗi da bas mai taya uku. Tun daga nan muke zaman manomin da ke tuwo da irin shukarsa. Bara mun sayar da ɗan wasanmu na gaba, muka biya rajistar gasar jiha. Muka sayar da wanda ya gaje shi, aka ba mu tayoyi da batir. Na uku kuwa an biya mu da alkawari, yana nan mun adana shi, ko ƙwarzane bai yi ba. Mama Nonye mai gidan abinci a bakin kasuwar Sabon Gari ita ke ciyar da yaran bayan kowane wasa, ita ke wanke rigunanmu, rabonta kuma da ganin sisinmu tun kafin a kawo wayar salula ƙasar nan. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu dai Zakaru in aka buɗe cikinmu, hanjin kaɗai za a samu.

Wani ɗan ƙaramin labari kafin in rufe. Kwamiti ya zauna, an ba Toma riga mai lamba tara. Na ce bari dai in sanar da ke.

Bawanki,
Othniel

Gembu
1 ga Maris, 2003

Bawana Othniel,

Na gaishe ka, na gaishe da Winifred, Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai. Ina lafiya, aiki ne dai ya yi yawa, mata sun haɗa baki sai haihuwa suke yi a wannan wata.

Kai wane irin mutum ne? Ka cika takarda da tayoyi da batir, sannan ka ɓoye babban labari a can ƙasa kamar nama a ƙarƙashin tuwo. Lamba tara! Ka manta ita mijina marigayi Albert yake sawa ranar da na fara ganinsa a fili, ya zubar da ƙwallo a gaban raga saboda yana kallona? Na karanta layin nan na zauna na yi kuka, na tashi na gaya wa duk ma'aikatan asibiti. Har mai gadi ya san ɗana ne mai tara a Zariya.

Ga zuma da ganyen shayi na ba direba. Ga kuma 'yan kuɗi a cikin ambulan, a kai Toma wurin mai hoto a ɗauke shi da rigar, ya juya baya yadda lambar za ta fito. Kada ka sayi jarida da su, na san halinka.

Ka gaya masa ƙwallo ta yamma ce, safiya ta littafi. Yajin aiki ba ya dawwama. Takardar nan ita ce abin da na yi wa ubansa alkawari, ita ce kuma dalilin da na bar shi a hannunka.

Uwargijiyarka,
Keziya

Samaru
19 ga Maris, 2003

Uwargijiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Zuma ta iso, mun gode, an sha rabi. Kowa lafiya, ban da ni da wasiƙarki ta hana ni jin daɗin shayin.

Na ɗauka kin san abin da duk Sabon Gari ta sani, shi ya sa na faɗa a taƙaice na gudu. Ashe labarin bai hau dutsenku ba. A Zakarun Chikaji, lamba tara ba girmamawa ba ce. Yara suna kiranta rigar tafiya. Dillalan 'yan wasa da ke zuwa daga Kudu ba su da lokacin kallon mutum ashirin da biyu. Sukan sauka a tasha, su sha lemo, su tambaya, "Wane ne tararku?" Shi kaɗai suke kallo har a tashi. Da muka gane haka, duk wanda kwamiti ya yanke shawarar sayarwa, sai a sa masa ita. Waɗancan 'yan'uwan da aka koya mana labarinsu muna yara a coci, tuɓe wa ƙanensu riga suka yi kafin su sayar da shi. Mu mun fi su ladabi, sai mun sa wa yaro riga tukuna.

Wani dillali mai suna Chuks zai zo ranar Asabar ta farko a watan Mayu, a madadin kulob ɗin wani kamfanin katako a Sapele. Idan ya saya, a makon zai tafi da yaron. Shugabanmu Augustine ya riga ya raba kuɗin a zuciyarsa. Mama Nonye kuma ta aiko mana da saƙo, da Hausar da ta fi tawa, tun da a Sabon Gari aka binne cibiyarta: "Ku gaya wa sakatare, bayan Mayu in ban ga kuɗina ba, rigunan nan sun zama tsumman goge tebur." Ba mu da wasu. Kulob kuwa ba ya shiga fili da singileti.

Na yi magana a kwamiti. Na kawo musu tarihin dauloli uku da suka rushe saboda sayar da abin da ke riƙe da su. Augustine ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, a cikin daulolin nan akwai wadda Mama Nonye take bi bashi?"

Toma yana so ya tafi, ba zan ɓoye miki ba. Tun da aka ba shi rigar yake tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta taɓa shi ba. Ni kuma ga amanarki, ga kulob ɗin da na yi wa bauta tun ina da gashi. Ki yanke, ni mai bi ne. Kuɗin hoto suna nan, ban taɓa ba.

Bawanki,
Othniel

Gembu
8 ga Afrilu, 2003

Othniel,

Ina lafiya. Ka gaishe da Winifred ita kaɗai.

Yau na ga abin da ya fi ƙarfina: bawa zai sayar da ɗan gida! Ka bar ni ina yawo a asibiti ina shela, ashe tallan ɗana nake yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya karye a Sapele, ku ku sayi taya.

Ban yarda ba. Saura jarrabawa ɗaya tak. Idan ya tafi aka janye yajin aiki yana can, shekarun nan duka sun bi ruwa. Ban san yadda za ka yi ba, ba na kuma son in sani. Kai ne mai karatu. Idan yaron nan ya bar Zariya ba takarda, kada ka ƙara rubuto mini, da gaske nake, ba wasan taubasai ba.

Keziya

Samaru
7 ga Mayu, 2003

Uwargijiyata,

Gaisuwa, ko da ba a amsa ba. Muna lafiya. An fara ruwa, rufin ɗakin girki ya fara aikinsa na kowace shekara.

Ɗanki yana Zariya. Ki zauna in ba ki labari.

Aikin sakatare ne ya karɓo riguna daga wurin Mama Nonye, ya raba, ya miƙa wa alƙalin wasa sunaye da lambobi. Da zarar an miƙa, ko gwamna bai isa ya canza ba. Ranar Asabar Augustine yana can gindin dalbejiya yana yi wa Chuks fifita da baki, sai na shiga ajin da yara ke sa kaya, na miƙa wa Toma lamba goma sha huɗu. Tara kuma na ba Sati.

Ba ki san Sati ba. Mai walda ne a Chikaji, ɗan bayanmu ne tun zamanin kamfanin barguna. Shekarunsa na haihuwa a takardar ƙwallo ashirin da biyu, 'yarsa ta fari tana aji uku a sakandare. A iya sanina bai taɓa tsallake layin tsakiya ba sai in an canza gida. Dabarata ita ce Chuks ya kalli Sati na minti goma, ya tuna yana da uzuri a Kaduna.

Sati ya riƙe rigar da hannu biyu, ya ce, "Malam, ni?" Na ce kai. Ya sa ta, ta ɗame shi kamar fatar ganga. Na ce, "Amma ka tsaya a bayanka yadda ka saba." Ya ce, "Haba Malam. Ka taɓa ganin mai tara a baya? Ai sai a yi mini dariya a garejinmu."

Toma ya juya goma sha huɗun a hannunsa. Ya dube ni, ya sa rigarsa, ya fita.

Keziya, ban taɓa ganin yaron nan ya yi wasa irin na ranar ba. Fushi ya shiga ƙafarsa. Da 'yan Palladan muka kara, ya riƙa yanka su kamar kabewa. Ƙwallon farko, ya ɗaɗa ta daga nesa, ta bugi ɗuwawun Sati da ke tsaye yana neman inda take, ta faɗa raga. Fili ya ɗauka: "Sati! Sati!" Ta biyu daga kwana Toma ya bugo, ta sauka a kan sanƙon Sati, ta wuce gola. Ta ukun ita ce ta tsaya mini a rai. Toma ya yanke 'yan baya, ya yanke gola, ga raga a buɗe ba kowa. Sai ya taka ƙwallon, ya juyo ya nemo ni a benci da ido, sannan ya gangara wa Sati ita a hankali, kamar mai cewa ga tarar taka nan, Kawu.

Chuks kuwa rabin wasan yana ɗaga wayarsa sama yana neman sabis. Duk lokacin da ya ji ihu ya sauke kai, tara yake gani tana gudu da hannu a sama. Ana tashi ya ce, "Wannan tsohon ƙashi ne, amma ya san inda raga take. Nawa?" Augustine ya buɗe baki, ya rufe. Ɗan kasuwa ne, kayan gini yake sayarwa, bai taɓa gaya wa mai saye ya yi kuskure ba, ba kuma ranar zai fara ba.

An sayi Sati. Kuɗin ba su kai yadda aka sa rai ba, amma Mama Nonye ta karɓi rabin nata, ta ɗage hukuncin tsumma zuwa Kirsimeti. Matar Sati ta aiko mini da kaza. Augustine ya ce zai kore ni da zarar ya samu wani mai biro.

Ɗanki kuwa ya daina yi mini magana. Yana gaishe da Winifred, yana gaishe da maƙwabta, jiya na ji yana gaishe da akuya. Ni sai ya rusuna ya wuce, bakinsa a rufe. Na cika umarninki, amma ba zan ce miki abin bai yi mini ciwo ba. A kan gwiwar nan mai tsegumi ya koyi karatu.

Bawanki,
Othniel

Gembu
23 ga Afrilu, 2003

Ɗan'uwana Othniel,

Gaisuwa da fatan kun yi Ista lafiya. Ina lafiya. Ka gaishe da Winifred, kai ma na gaishe ka wannan karon.

Waccan wasiƙar da zafi na rubuta ta. Bayan ta tafi sai ga ta Toma, shafi huɗu, wanda bai taɓa rubuto mini abin da ya wuce "a aiko da kuɗin makaranta" ba. Ya ce wata huɗu ke nan yana zaune yana jiran malamai, ba wanda ya san ranar komawa, ƙafa kuma ba ta jira kamar yadda takarda take jira. Ya ce ubansa ya mutu yana ba da labarin gwajin ƙwallon da kakan Toma ya hana shi zuwa a Kaduna, shi ba ya so ya tsufa da irin wannan labari. Gaskiya ya faɗa. Har a gadon asibiti Albert bai bar zancen nan ba.

Na yi addu'a, na yi shawara da matar fasto. Ka bar shi ya sa rigar. Idan sun saye shi, ya tafi da albarkata. Zan ba direban gobe wannan don ta riga Asabar ɗin isa.

'Yar'uwarka,
Keziya

Samaru
29 ga Yuni, 2003

Uwargijiyata,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, har da gwiwa, dalili yana zuwa a ƙasa.

Wasiƙarki ta watan Afrilu, wadda kika ce a bar yaro ya sa riga, ta iso a farkon Yuni, wata guda bayan an tashi wasa. Direbanki ya ce ruwa ya cinye hanya a gangaren dutse, motar ta kwana biyu a gareji a Jalingo, takardar kuma ta yi zamanta a aljihun ƙofa tare da goro. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Wato na yaudari shugabana, na ɓata da ɗana, na tura mai walda Sapele, duk don bin dokar da aka riga aka soke.

Ban san abin da zan ce wa Toma ba, sai kawai na ajiye masa ita kusa da kwanon tuwo. Ya karanta. Na jira ya fasa kwanon. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya kwashe da dariya har da hawaye, ya ce, "Kawu, wallahi ku biyun nan sai a hankali." Maganarsa ta farko ke nan gare ni tun Mayu. Ban taɓa jin daɗin rashin kunya irin na ranar ba.

Saura labarin Sati. A Sapele ya buga wasa huɗu bai ci ko ɗaya ba, ƙwallo ta ƙi bugun ɗuwawunsa. Kocinsu ya tsare shi, Sati kuwa ba ya ƙarya sai a kan shekaru. Ya ce, "Oga, ni ɗan baya ne. Wanda ya ci ƙwallayen nan yana Zariya, goma sha huɗu ya sa, ni jikina kawai ya ara." Suka mayar da shi baya, suka ga ba mai wuce shi, suka riƙe shi. Albashi dai ba ya zuwa a kan kari, amma ya samu wani gareji yana walda da safe, har yana aiko wa iyali.

Makon jiya sai ga Chuks a Sabon Gari, ba waya a hannu, yana tambayar goma sha huɗu. Kin san bambancin mai talla da wanda aka biyo gida. A gidan abincin Mama Nonye aka zauna, ta ce tun da kuɗinta ne ake ciniki, ita za ta yi magana. Chuks ya taya, ta ce, "Ɗana, ka ci abinci tukuna, yunwa ce ke sa ka faɗin wannan." Ya ƙara, ta ƙara masa nama. Kafin ya gama kwano na biyu ya ninka abin da ya biya a kan Sati, Augustine yana gefe yana share ido.

Sai Chuks ya ce gobe za su kama hanya. Na buɗe baki, na tuna ba ni da sauran doka a hannu, na rufe. Toma ne ya yi magana. Kin dai ji an janye yajin aiki, an sa jarrabawarsu a watan Agusta. Ya ce, "Oga, zan zo, amma sai na ajiye biro. Sati yana da walda. Ni in albashi ya makara, me zan riƙa yi da safe?" Chuks ya yi ƙorafi, Mama Nonye ta ɗauke kwanon daga gabansa, ya amince. Ranar da ya gama takarda ta ƙarshe zai tafi. Yanzu haka yana ɗaki yana haddace cututtukan masara.

An biya Mama Nonye duka, ta ce ba ta san me za ta riƙa yi mana faɗa a kai ba. Augustine ya ce kada ta damu, kakar wasa mai zuwa tana tafe.

Amma wata fitina ta taso. Tun da aka sayi Sati, duk Chikaji ta gane cewa riga ce ke ci, ba ƙafa ba. Kowa tara yake so, har gola. Ranar Talata saura kaɗan a ba hammata iska. Ga shi in Toma ya tafi mu goma sha ɗaya cif za mu rage, in aka ƙara sayar da ko mutum ɗaya, sai dai mu shiga fili da akuyar nan. Kwamiti ya zauna, ya yanke cewa dole a sa rigar a jikin wanda ba mahalukin da zai saya. Ban san dalilin da ya sa duk suka juyo suka kalle ni ba.

An yi mini rajista a matsayin ɗan benci. Augustine ya rubuta shekaruna ashirin da shida. Ina zuwa atisaye, ina zagaya fili sau ɗaya, yara suna tafi. Tun muna yara kike cewa za ki kai ni kasuwa ki sayar. To ga shi an sa mini rigar. Idan an taya, ke ce mai kaya.

Bawanki mai lamba tara,
Othniel

Gembu
20 ga Yuli, 2003

Bawana,

Gaisuwa gare ku duka. Ina lafiya, sai ciwon haƙarƙari da ka jawo mini. Wasiƙunka biyu tare suka iso, na karanta ta farko ina kuka, ta biyu ina dariya, har wata mai naƙuda ta ce in fita in ba ta wuri.

Na nemi hutu, zan zo a Agusta in raka ɗana tasha da kaina. Ka gaya wa Mama Nonye ina kawo mata zuma, babbar jarka. Ka ce wa Toma ya bar cututtukan masara haka nan ya riƙa barci.

Kuɗin hoton nan da ka ce ba ka taɓa ba, a yi aikin da na aiko su. Ka sa rigar, ka juya baya yadda lambar za ta fito, ka kuma shanye tumbin in zai shanyu. Zan rataye shi a ofis, mai gadi yana ta tambayata labarin mai tara.

Batun ciniki kuwa, shekara hamsin ina neman wanda zan liƙa wa kai ban samu ba. Yanzu na fasa. Duk wanda ya taya, ko nawa ya faɗa, ka ce uwargijiyarka ta ce albarka.

Keziya